Shin ƙaro zai iya kare fentin ruwa a jikin ƙwarya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Mai Wurno kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, ina yi wa ƙore da ƙananan akwatunan katako zane da fentin ruwa, amma da zarar jiƙaƙƙen hannu ya taɓa su sai launin ya cuɗe. An ce in shafa ƙaro a kai. Hakan zai yi, ko akwai wani abin da ba na roba ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wanda ya ba ki shawarar ƙaro bai yi nisa da gaskiya ba, sai dai ya sa shi a inda ba muhallinsa ba. Ƙaron dakwara, itacen da Larabawan nan ke kira hashab, wanda ake tarawa a Kurdufan a kai kasuwar Al'ubayyid, shi ne ainihin abin da masana'antu ke kwaɓa garin launi da shi su yi fentin ruwa. Dalilin da ya sa fentin ke narkewa idan ya ji danshi ke nan. Idan kika ƙara shi a sama, zanen zai yi ƙyalli, amma ɗigon ruwa ɗaya zai tayar da shi har da launin da ke ƙarƙashi, kuma idan ya yi kauri yakan tsattsage a busasshiyar iska irin tamu.

Abin da na fi amincewa da shi shi ne jamalakka da kafintoci ke goge kujeru da ita. Wani ƙwaro ne ke fitar da ita a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, ana sayar da ita ɓawo-ɓawo, a jiƙa a sibirto, wato ruwan alkohol na kafintoci. Fa'idarta ita ce sibirto ba ya narkar da ƙaro, don haka launin yana zama inda yake. Ki nemi mai haske, domin ja takan mayar da shuɗi ya yi kore-kore. Ki bar zanen ya kwana ya bushe, ki fesa shafin farko da siririn ruwanta maimakon burushi, sa'annan ki ƙara shafi biyu da burushi mai laushi, kowanne bayan na baya ya bushe. Ki fara gwadawa a sakaina, saboda wasu fentin masu araha rini ne a cikinsu, shi kuwa rini yakan bi sibirto.

Bayan jamalakka sai kakin zuma. A narkar da shi a kwano cikin ruwan zafi, a sauke nesa da wuta, a zuba tarbantin, wato man da ake tsarma fenti da shi, har ya yi laushin man kaɗe, a shafa kaɗan da tsumma, a goge washegari. Kakin yana narkewa ne a wajen digiri 63 na ma'aunin Salsiyas, amma tun kafin nan yake yin taushi, shi ya sa kayan da aka cika wa kaki ke kama ƙurar guguwar habub a watan Mayu. Ƙara ɗan kakin karnoba, na ganyen wata bishiya a Barazil, wanda sai ya haura digiri 80 yake narkewa, yana rage wannan matsala.

Man riɗi kuwa, duk da yawansa a Gadarif, kada ki kusance shi, domin ba ya bushewa, yana dusar da launi, daga baya ya yi wari.

Jamalakka da kakin nan suna tsare zane daga gumi da yayyafi ne kawai. Ƙwaryar da aka yi wa haka ta ado ce, ba ta dama fura ba, kuma goge ta ake yi da busasshen tsumma maimakon wanki.