Amsa ga 'yar uwar da mura ta saka amma jiki ya ƙi dawowa

Assalamu alaikum. 'Yar uwa, kin ce wata biyu da rabi ke nan da zazzaɓi da mura suka sake ki, amma tari ya ƙi tafiya, ko shara kika yi sai kin zauna kina haki, abinci ba ki jin ƙamshinsa, kina tambaya ko taifot ne bai gama fita ba. Wallahi da na karanta sai da na ajiye wayar, kamar ni kika leƙa kika rubuta.

Nawa ya same ni a Janairun 2021, tsakiyar hunturu, lokacin da korona ta dawo karo na biyu, kowane gida a layinmu tari ake yi. Ban yi gwaji ba, wa yake son a ce gidansa aka samu? Kwana shida na yi a kwance na miƙe, na ce an wuce wurin. Ashe sannan aka fara. In na wanke kayan makarantar yara da safe, to washegari ko filo ba na iya ɗagawa. Ina cikin magana kalma ta ɓace min, in tsaya da ludayi a hannu ban san me na shigo ɗauka ba.

Wani mai kemis a unguwarmu ya tura ni gwajin Widal, ya duba takarda ya ce taifot ne, allura kwana biyar. Sau uku muna haka, har zama ya gagare ni. Sai da na je babban asibiti wata likita ta ce min wannan gwajin shi kaɗai ba hujja ba ne, yana iya nunawa a jikin wanda ya taɓa yin taifot tuntuni, ko mai maleriya. In ana son gaskiya, jinin ake sa wa a kwalba a jira kwanaki a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Ta ce alluran da na sha maganin bakteriya ne, ba su da abin da za su yi wa bairos, cikina kawai na ɓata. Don Allah kar ki bari a ƙara tsira miki allura a kan waccan takardar.

Amma ba mai kemis ne ya fi ƙona min rai ba. Azumin shekarar ya kama a watan Afrilu, ana tsananin zafi. A lokacin hancina ya fara buɗewa, sai dai a karkace, albasa in ana soyawa warin mushe nake ji, nama kamar kwata. Wata rana yayar maigida ta zo shan ruwa da 'ya'yanta. Na ɗora miya, na zuba ƙosai a mai, zuciyata ta hau bugawa kamar za ta fito, idona ya yi duhu. Na sulale na zauna a ƙasa, na jingina da buhun shinkafa. Miyar ta kama ta ƙone ƙurmus, ni ko ƙauri ban ji ba, sai da hayaƙi ya kai falo. Ta shigo ta tsaya a kaina, ko sannu babu. Ta juya ta ce wa ƙanenta, a gaban 'ya'yana, "Wannan ai son jiki ne. Wane irin ciwo ne mutum na ci yana sha, gwaji ya ce lafiya lau? Mu da ciki wata tara muke daka." Har ta ƙara da cewa in gidan ya fi ƙarfina ai akwai masu iyawa. Kun gane inda ta nufa. Shi kuma gogan ya yi shiru yana ɓare dabino. Wannan shirun ya fi maganarta zafi, a bayi na yi buɗa-baki da hawaye. Bayan sallah kuma ita ce ta aiko min da turare da rubutu wai aljanu ne, wadda ta ce lafiyata ƙalau.

To ke dai, tarin nan ki fara da shi. Likitar ta ce tarin bayan mura yakan kai mako uku zuwa takwas, don maƙogwaro ya zama kamar sabon gyambo, ƙura kaɗan ta tayar da shi. Naki ya wuce haka. Tarin da ya haura mako biyu ma gwajin tarin fuka ake yi masa, kaki kawai za ki bayar, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati, musamman in kina rama ko zufan dare. Ki ce a duba yawan jininki da suga. Ni jinina ya yi ƙasa, ya haɗu ya ƙara min kasalar. In kuwa kin ji ciwon ƙirji, ko jini a kaki, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, kar ki tsaya jiran amsarmu, ki tafi asibiti a ranar.

Turaren wuta na daina kusan wata huɗu, ni da ko baƙo ba ya shigowa sai na turara ɗaki. Maganin sauro na hayaƙi ma haka. Zuma a ruwan ɗumi da dare ta taimaka min, amma ba a ba jaririn da bai shekara ba.

Ƙamshi kuwa, an ce in riƙa shinshina abu huɗu safe da yamma, kowanne kamar daƙiƙa ashirin, a yi ta yi wata uku ko fiye. Kanumfari, ɓawon lemon tsami, man zafi da turaren fure na zuba a 'yan kwalabe. Yara na ta yi min dariya. Kanumfari na fara ji daidai, wata safiya bayan babbar sallah. Kafin nan ki sa wani ya riƙa duba miki gas, tunda ko yana zuba ba za ki ji ba.

Af, kar ki firgita in gashi ya fara zuba. Nawa wata uku bayan zazzaɓin mai kitso ta tara min shi a cinya kamar na aske. Ya fito da kansa.

Abin da ya fi wuya shi ne ranar da kika tashi garau. Za ki ce bari in rama wanki da guga da goge-goge, to kwana biyu za ki biya a kwance. Ni sai na koma yin rabin abin da nake jin zan iya, yankan kayan miya ma a kan kujera 'yar tsugunno. A Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayanin wannan hali na bayan korona, alamomin da ke nan wata uku bayan kamuwa, suka kai aƙalla wata biyu, ba a gano wani dalili ba. Na tura wa maigida, ya tura wa yayarsa. Har yau ba ta ce uffan ba, ni ma ban ƙara soya mata ƙosai ba.

Wata tara na yi kafin in hau benen makarantarmu ban tsaya a tsakiya ba. Albasa soyayya ce dai har yanzu sai na buɗe taga. Allah ya ba ki lafiya, in kin karɓo sakamakon kakin ki faɗa mana.