Ku Tambaya Mu Amsa: Wa ya ƙirƙiro wasan Dungeons & Dragons?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya, ina maka fatan alheri. Ni ɗalibi ne nan Sakkwato, ni da abokaina munka fara wanga wasa na Dungeons & Dragons a Runjin Sambo duk ranar Asabar bayan la'asar, to sai gardama ta sarƙe tsakaninmu, wani ya ce Gary Gygax ne ya ƙirƙiro shi wani ya ce ƙarya ne ƙwace ya yi. An ce akwai finafinan tarihi da anka yi kan asalin wasan, wanne za mu kalla don Allah? Sannan baffana ya ga muna jefa dayis ya ce caca ce.
Daga wani ɗalibi, Runjin Sambo

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ga wanda bai san wasan ba, wasan labari ne a kan tebur, mutum ɗaya na jan labarin, sauran kowa na taka rawar gwarzo ɗaya a ciki. Ku nemi Secrets of Blackmoor wanda ya fito a 2019, shi zan fara ba ku, amma ku kalle shi da sanin cewa ya ɗauki ɓangare, ɓangaren Dave Arneson, wanda suka haɗu da Gygax suka fitar da wasan, da abokan wasansa na Minisota a Amurka yake, su ne dattawan da za ka gani zaune suna ba da labarin ƙuruciyarsu.

Abin da ya sa nake son fim ɗin shi ne ya koma can baya kafin a san wani Dungeons & Dragons. Asalin abin wasan yaƙi ne a kan tebur, tun 1824 sojojin Furushiya, wata tsohuwar masarautar Jamusawa, ke koyon dabarun yaƙi da taswira da alƙali a tsakiya, daga baya ya zama abin nishaɗi, kowa na jan rundunar 'yan sojojin gwangwani. Sai wajen 1969 wani matashi David Wesely ya shirya wasa a wani garin ƙirƙira na Jamus da ya kira Braunstein, maimakon ya ba kowa runduna sai ya ba kowa mutum ɗaya tak, kai ne magajin gari, kai ne mai banki, kai ne shugaban jami'a, kowa da buƙatarsa a ɓoye, nan fa 'yan wasa suka bar yaƙi suka shiga ƙulle-ƙulle da ciniki da cin amanar juna har shi Wesely ya ɗauka abin ya lalace, su kuwa cewa suke a sake. Wallahi a ganina nan aka haifi irin wannan wasa, ranar da ɗan wasa ya daina cewa "rundunata ta matsa gaba" ya koma cewa "ni zan buga ƙofar". Da Wesely ya tafi aikin soja Arneson ya karɓa, a 1971 ya buɗe nasa wasan mai suna Blackmoor, da fada da kurkuku a ƙarƙashin ƙasa da dodanni, kuma gwarzonka yana ƙara ƙarfi daga wannan zama zuwa wancan.

To ina Gygax? Kada abokinka ya zalunce shi. Shi da Jeff Perren suka fitar da dokokin wani wasan yaƙi na tebur mai suna Chainmail a 1971. A ƙarshen 1972 Arneson ya je Lake Geneva a jihar Wiskonsin ya nuna masa Blackmoor, Gygax ya zauna ya mayar da abin rubutattun dokoki da baƙo zai karanta ya iya, shi da Don Kaye suka kafa kamfanin TSR, a 1974 aka buga kwafi 1,000 na Dungeons & Dragons, ƙananan littattafai 3 cikin kwali a kan dala 10, sunan Gygax da Arneson ne a bango. Saɓani ya zo daga baya kan kuɗi da suna, Arneson ya kai ƙara kotu a 1979 aka sasanta a 1981. Gygax ya rasu 2008, Arneson 2009, shi ya sa finafinan nan duk bakin abokai da 'ya'ya ne, kowa kuma nasa yake yabo. Ni dai hukuncina, Arneson da mutanensa suka gano wasan, Gygax ya kai shi kasuwa, kalmar ƙwace ta yi nauyi.

Akwai kuma Eye of the Beholder, shi ma 2019, amma wannan kan masu zanen hotunan littattafan ne irin su Larry Elmore da Jeff Easley, in akwai mai son zane a cikinku zai ji daɗinsa, ba zai raba muku gardama ba dai.

Batun Baffa kuwa kar ka yi musu da shi, ka gayyace shi ya zauna ya gani. Ba a sa kuɗi, babu mai cinye wani, dayis ɗin kawai yana yanke ko abin da ka yi niyya ya yiwu ko bai yiwu ba, sauran duk kamar tatsuniya ce da masu sauraro ke da baki a ciki. In tsafe-tsafen labarin ne ke damunsa, kuma yana da hujjar damuwa, ai mai jan wasan ke da labari, ku ɗora naku kan ayarin fatake daga Sakkwato zuwa Gwanja, da jakuna da goro da 'yan fashi a hanya, dokokin za su ɗauka. Kuma a tashi in an kira magariba.