Amsa ga mai tambaya kan ɗaure idon sawu kafin wasan ƙwallo

Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce tun targaɗen farko idon sawunka ke ta gurɗewa, kana tambaya ko naɗa bandeji zai hana, wallahi da na karanta sai da na ji tawa ƙafar ta amsa.

Bandejin nan mai talewa ba ya riƙe gaɓa, matse kumburi kawai yake yi. Nemi farin tef ɗin nan mai tauri da ake rubuta zinc oxide a jikinsa, mai faɗin milimita 38. Shi ma kar ka saki jiki da shi, in ka yi kamar minti 20 zuwa 30 kana gudu da gumi ya fara sassautawa.

Amma don Allah kar ka bari kowa ya ɗaure ka ya mayar da kai fili ranar da ka ji ciwon. Ni abin da ya gama da ni kenan. Tsalle na yi zan sa kai na diro kan ƙafar wani, tawa ta lanƙwashe ciki, na ji ƙas. Kocinmu ya zo ya kama ƙafar ya ja ya murɗa ina ihu yana cewa raki ne, ya lafta man zafi, ya tamke ta tamau da tef wai tashi ka koma ba mu da canji. Kafin hutun rabin lokaci ba na jin yatsuna sam, da aka cire but ɗin sun yi sanyi sun canza kala, da dare kuwa ko zanin rufa ya taɓa wurin sai na yi ƙara. Da aka yi hoto ashe ƙaramin ƙashin nan na waje ne ya tsage. Mutumin nan ko waya bai buga min ba, ko sannu, sai ji na yi yana faɗa wa yara wai ba ni da zuciya. Ni ne ba ni da zuciya? Na bar shi da Allah, amma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

To kai in ba ka iya taka ƙafar ka yi taku 4, ko in an danna kan ƙashin idon sawun ta baya ka ji zafi, je a yi hoto kafin maganar tef. Kwana 2 zuwa 3 na farko ba ruwan zafi, ba tausa, ba ja. Ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20, ka ɗaga ƙafar sama, nan ne bandejin naka ke da amfani.

Ɗaurin tef ɗin kuma, aske gashin wurin, fata a bushe, ka tankwaso yatsu sama kamar kana tsaye. Ka zagaya sama da idon sawu, sannan ka ja daga ciki ta ƙarƙashin dunduniya ka ɗago ta waje kamar sau 3, ka yi naɗi mai siffar 8, ka kulle dunduniya ta kowane gefe. In ka ja daga waje zuwa ciki ka taya ciwon ne. Yatsu suka fara tsami ko mutuwa, warware ka sake.

Ni dai abin da ya fi min tef amfani tsayuwa da ƙafa ɗaya ne kullum, in ka saba ka rufe ido, da ɗumama jikin nan na FIFA 11+ kafin tirenin. Af, in gasa ce mai alƙalin wasa na gaske kuma ka naɗa tef a kan safa, doka ta ce sai kalarsa ta zo ɗaya da ta safar, gara ka ɗaura ta ciki.