Aji ɗaya, wasu na karanta labari wasu ko harafi ba su sani ba: ya zan tsara darasi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyarwa a wata firamare a Kaltungo, aji huɗu nake riƙe da shi, yara sun haura tamanin. Wasu suna karatu tsaf, wasu ko b da d ba sa bambancewa, ga waɗanda Tangale ake musu a gida, Hausar ma da ƙyar. Don Allah ya zan rubuta lesin not, wato takardar tsarin darasi, da zai ɗauki kowa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari wallahi. Tsarin ilimi na ƙasa yara 35 ya ce malami ɗaya ya riƙe a firamare, ke kuma kin ga abin da ke gabanki.

Kafin ki taɓa lesin not sai kin san wa ke zaune a gabanki. Ki ɗau sati guda kina kiran su ɗaya bayan ɗaya, minti biyu ya isa: ki nuna masa haruffa, in ya wuce ki ba shi kalmomi, sai gajeren sakin layi, sai labari, inda ya tsaya ki rubuta. Wannan shi ne tsarin TaRL da ƙungiyar Pratham ta faro a Indiya, wato a koyar da yaro daga inda ya tsaya, ba daga inda ajinsa ya ce ya kai ba. Ni dai ban ga amfanin bin silabus kaɗai ba alhali rabin aji ko allo ba sa iya karantawa, abin yana ci min rai sosai.

Daga nan ki raba su gida uku amma maudu'i ɗaya. Misali darasin kasuwa, duka ku fara hira tare minti goma, sai 'yan haruffa, wato waɗanda suka tsaya a haruffa, su riƙa haɗa gaɓoɓin ma da sa da ra a guntun kwali har masara ta fito, 'yan kalmomi su rubuta sunayen kayan miya, masu karatu kuma su rubuta jimla biyar kan ranar kasuwar garinsu, ke kuma ki fi zama wajen 'yan haruffa don su ne ba za su iya su kaɗai ba. Kar ki sa wa rukuni suna irin "masu ƙoƙari", yara na ganewa kuma yana karya musu zuciya, ki ba su sunan launi.

Masu Tangale ki haɗa su da ɗan'uwansu mai jin yaren da Hausa, ki bari ya yi musu bayani, kar ki hana. Yaron da kika ga yana runtse ido ko sai an maimaita masa magana, ki dawo da shi gaba ki kira iyayensa a duba shi a asibiti.

Duk bayan wata ɗaya ki sake gwajin, wanda ya matsa ki canja masa rukuni, kuma ki nuna wa hedimasta takardar gwajin tun farko don in mai duba makarantu ya zo ya san dalilin da lesin not ɗinki ke da aiki kala uku.