Rautata Tana Kuka Tana Zafi, Ga Aikin Amarya A Gabana

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ni kafinta ne a unguwar Pantami da ke Gombe, shekara uku ke nan da maigidana ya yaye ni. Ina da ƙaramar rauta, wato injin hannu mai juya bakin yanka, da nake datse bakin fomeka da ita, ina kuma fitar da ado a gefen gado da madubi. Kwanan nan ta fara wani irin kuka mai kaifi, wuyanta yana zafi har ba ya riƙuwa, yankan kuma ya daina fita sumul. Wani ya ce in ɗiga mata baƙin mai in ci gaba. Ga kayan ɗakin amarya na karɓa, biki ya matso. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa sana'a albarka. Ka ajiye rautar nan, kada ka sake kunna ta sai an buɗe ta, ko da kuwa iyayen amarya suna tsaye a ƙofar shago.

Cire ta daga wuta, ka kwance bakin yankan, ka goge kolet ɗin da ke riƙe shi, domin datti a nan ko lanƙwasasshen baki su ma suna kawo rawa. Sai ka juya sandar da kolet ke kanta da yatsa a hankali. In ka ji kamar yashi a ciki, ko ka girgiza ta gefe da gefe ka ji tana motsi, to boris ne ya ci, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da sandar ke juyi a cikinsa. Galibi na ƙasa ne, na kusa da kolet, don shi ke ɗaukar nauyin turi, shi kuma ke shan ƙura. Garin MDF, allon nan na matsattsen garin katako da kuke yanka yanzu, ya fi na katako laushi nesa ba kusa ba, ga ƙurar hunturu a kai.

Baƙin mai ba magani ba ne. Irin waɗannan ƙananan rautoci suna juyi kusan 30,000 a minti, wato 500 a daƙiƙa ɗaya. Boris ɗinsu a rufe yake da giris ɗinsa tun daga kamfani. Mai zai wanke giris ɗin, ya haɗu da ƙura ya zama taɓo. Kukan zai lafa na awa ɗaya ko biyu, amma ƙarfen da ya riga ya ci ba ya dawowa. Abin da nake jiye maka shi ne amaca, wato sashen da ke juyi a cikin injin tare da sandar. Ratar da ke tsakaninta da koyil ɗin da ke kewaye da ita ba ta kai milimita ɗaya ba. Da zarar boris ya saki, sai ta fara gugar jikin koyil ɗin, ta ƙone. Zafin kuma yana narkar da gurbin roba da boris na sama ke zama a ciki. Na sha karɓar irinsu a shagona nan Bauchi, mai su ya zo da niyyar sayen boris, ya tarar kuɗin gyara ya kusa na sabuwa.

Wajen kwancewa, fara cire burushin kabon guda biyu, ka lura da yadda kowanne yake zaune. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa kowace waya. In akwai goro ko ɗan zoben ƙarfe da ke tare boris, cire shi tukuna. Fankar da ke jikin amaca ta roba ce, kada ka dogara sukudireba a kanta.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna, wato guduma. Ina yaro a wajen maigidana na taɓa dukan kan sanda kai tsaye don in fitar da boris, zaren da goron kolet ke hawa ya baje. Mai injin ya yi mako bai yi aiki ba, har yau ina tuna fuskarsa. Nemi abin zare boris a wajen masu gyaran janareto ko masu naɗin koyil. In dole sai an buga, mayar da goro kan zaren, ka ɗora katako mai tauri a kai.

Ka tafi kasuwa da tsohon boris ɗin a aljihu, domin lambarsa tana rubuce a gefensa. Ido yana yaudara a nan: 608 da 627 duk faɗinsu milimita 22, kaurinsu 7, amma ramin 608 milimita 8 ne, na 627 kuwa 7. A manyan, 6001 raminsa 12, 6002 15, 6003 kuma 17. Haruffan ƙarshe suna faɗin irin murfin. ZZ murfin ƙarfe ne, 2RS na roba, kamfanin NSK kuma yana rubuta DDU, NTN yana rubuta LLU. Ni dai ga kafinta na fi son mai murfin roba saboda ƙura. Jabu sun yi yawa, a kwali mai sunan babban kamfani. In rubutun jikinsa ya karkace, ko kuɗin ya yi arha fiye da kima, bar musu kayansu. Ka sayi duka biyun, na sama da na ƙasa, tunda ka riga ka buɗe.

Wajen sakawa, in a kan sanda ne, ƙarfin ya sauka a zoben ciki kaɗai. In a cikin gurbi ne, a zoben waje. Guntun bututu ko soket da ya dace da zoben shi za ka ɗora, ka matsa a hankali, a miƙe. Wanda ya daki zoben waje yana tura shi kan sanda ya riga ya lotsa hanyar ƙwallayen, sabon zai yi kuka tun ranar farko. Ni nakan ajiye shi a rana na ɗan lokaci don ya shige kan sanda da sauƙi, amma kada ka kai shi kusa da wuta.

In ka haɗa, juya ta da hannu ka ji ba ta kama ko'ina, sannan ka kunna ta ba baki na minti biyu, ka taɓa wuyan. Ɗumi ba laifi, zafi mai ƙona hannu kuwa alama ce boris bai zauna daidai ba. Kafin nan, ari rautar maigidanka ka ƙarasa gadon amarya.