Jakar asibiti da 'yar tsana

Kin tambaya ko akwai abin dariya da ya faru damu lokacin shirin haihuwa, ai 'yar'uwa akwai kam! Ina sati 36 likita tace in haɗa jakar asibiti, na haɗa tsaf na ajiye bakin ƙofa, washegari ina buɗewa sai ga 'yar tsana da takalmi ƙafa ɗaya, ashe 'yata mai shekara 3 ce ta cusa wai kada ƙaninta ya rasa abin wasa. Kuma tunda taji cewa jariri na jin murya tun yana ciki kullum sai ta kafa baki a cikina tana masa raɗa, in ya motsa ta ruga wajen babanta tana ihu wai ya amsa mata. Wallahi da tsanar na tafi asibitin, na kasa cirewa.