Waye William Buckley, kuma wane irin gida ya fito?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Legas, wani abokina ɗan Katolika ya turo min bidiyon wani Bature suna muhawara da James Baldwin, marubucin nan baƙar fata ɗan Amurka, ya ce sunan Baturen William Buckley, wai babban marubuci ne da masu ra'ayin 'yan mazan jiya na Amurka ke ji da shi har gobe. Don Allah waye shi?
Mai karatu daga Idi-Araba

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya abokinka bai yi ƙari ba, amma ba za ka gane Buckley ba sai ka fara leƙa gidansu. An haife shi a New York a 1925, shi ne na 6 cikin 'ya'ya 10, babansu attajiri ne da ya yi kuɗi a harkar man fetur a Meziko da Benezuwela, shi ya sa ma yaron ya fara jin Sifaniyanci kafin Turanci. Gida ne na Katolika na haƙiƙa, ba a wasa da zuwa coci, ba a wasa da karatu, kuma yara sun taso da gardama kamar yadda ake yi a majalisar mai shayi ta Agege, kowa sai ya kare maganarsa da hujja. To ka ga abin da gidan ya fitar: wansa James ya zama sanata daga New York a 1971, yayarsa Priscilla ta shafe shekaru tana edita a mujallarsa, ɗansa Christopher shi ma marubuci ne.

Yana gama jami'ar Yale ya rubuta littafi a 1951 yana caccakar makarantar, cewa malamanta na raba ɗalibai da addini, nan sunansa ya fito. A 1955 ya kafa mujallar National Review, daga 1966 zuwa 1999 kuma yana gabatar da shirin talabijin Firing Line, inda yake gayyato waɗanda ba su yarda da shi ba su zauna a yi ta fafatawa cikin mutunci, har Muhammad Ali ya zo a 1968. Wannan halin nasa wallahi yana burge ni sosai. Littattafansa sun haura 50.

Sai dai fa akwai tabon da ba zan ɓoye maka ba. A 1957 mujallarsa ta buga sharhi tana goyon bayan fararen fata na kudancin Amurka su ci gaba da riƙe mulki ko da baƙar fata sun fi yawa a wurin, wannan zalunci ne ƙarara kuma iya magana ba ta wanke shi. Muhawarar da ka gani a Cambridge ta Ingila aka yi ta a 1965, ɗalibai suka kaɗa ƙuri'a Baldwin ya samu 544 Buckley kuma 164. Sai can da ya tsufa ya fito ya amsa cewa ya yi kuskure da ya ɗauka wariyar launin fata za ta gushe da kanta ba tare da gwamnatin tarayya ta sa hannu ba.

Ya rasu a Fabrairun 2008 a gidansa na Stamford, jihar Connecticut, yana da shekara 82, a ɗakin karatunsa aka same shi.